Totuwar da muke ƙonawa a gida, a Legas kuɗi ce

Shekara tara ina gasa nama a Agege, kuma ba abin da ke cinye mini riba kamar gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, gas ya gagari masu abincin sayarwa, kowa ya dawo kan gawayi. Shi kuwa gawayin nan itatuwa ne ake sarewa a dazukan Oyo da Kwara da Neja.

Kwanaki wani abokin sana'a ya ba ni curarren gawayi mai rami a tsakiya, wanda aka yi da garin katako. Bai kama da wuri ba, sai da na sha fifita. Amma da ya kama, garwashin ya daɗe, ba tartsatsi, hayaƙi kaɗan. Ina juya tsire hankalina na gida.

Ni mutumin Kura ne. Na tashi ina ganin ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, a cinna masa wuta ya kwana yana ci, hayaƙi ya cika unguwa, tsofaffi na tari. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa ma haka muke wofintar da su. Wallahi abin yana ci mini rai.

Aikin mayar da su curarren gawayi ba wani asiri ba ne. A zuba totuwa a duro, a kunna, a toshe iska har ta yi baƙi ba ta zama toka ba. A daka, a kwaɓa da kunun sitacin rogo, a matse, a shanya. Wurin shanyar nan mu a gida muka fi Legas nesa ba kusa ba. A Legas da damina ko riga sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, mu kuwa rana da hunturu kyauta Allah ya ba mu. Su ke da kasuwa, mu ke da kaya.

Kara dai a bar wa dabbobi da danga. Ɓuntu kuma toka gare shi da yawa, sai an gauraya shi da totuwa.

Motocin da ke sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ba za su rasa wurin buhu ashirin ba. Jiya na kira ƙanena na ce, “Auta, bana kar ka ƙona totuwar nan, zan aiko maka da kuɗin duro.” Ya ce, “To Yaya, wa zai saya?” Na ce buhun farko ni ne.