Shekara 54 da ake ta musu a kai, maganar 'ya'yanmu ce

Kwanakin nan duk inda na zauna, majalisar bayan Isha'i ce ko teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, sai an ɗauko zancen tsawon rai. Wannan ya ji cewa masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gano jikin ɗan Adam na tsufa farat ɗaya sau biyu, a wajen shekara 44 da kuma wajen 60. Wancan ya ji an ce taku 7,000 a rana ya wadatar, ba sai an yi 10,000 ba. Wani ya ɗauko labarin attajirin nan Bryan Johnson da ke kashe kusan dala miliyan 2 duk shekara don kada ya tsufa. Amma wanda ya fi tada ƙura shi ne lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya nuna matsakaicin tsawon ran ɗan Najeriya shekara 54 ne da 'yan watanni, alhali na ɗan Japan ya kai 84.

Amsoshin da nake ji kusan iri ɗaya ne. Akwai mai cewa ƙarya ce, kakansa a Mani ya haura ɗari yana zuwa gona. Akwai mai cewa ajali ba ya bin lissafin Bature, a bar zancen. Akwai kuma waɗanda kasuwa ta buɗe musu, suna tallan garin kaza da man kaza, wai bincike ya tabbatar suna ƙara shekaru. Abin yana damuna ƙwarai, domin duk cikinsu ban ji wanda ya tsaya ya tambayi daga ina 54 ɗin nan ta fito ba.

'Yan uwa, ba a ce kowa zai mutu yana da 54 ba. Lissafi ne na haɗa shekarun kowa a raba. Idan aka haifi yara biyu rana ɗaya, ɗaya ya koma yana ɗan shekara guda, ɗayan ya kai 85, matsakaicinsu 43 ne, ga shi babu wanda ya mutu a 43 a cikinsu. Don haka mai kakan da ya haura ɗari bai yi ƙarya ba, masu lissafin ma ba su yi ba. Sai dai a tambaye shi: su nawa mahaifiyar kakan nan ta haifa, nawa suka yi rai? Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin mata ya san yadda suke ba da amsar nan. Ta haifi goma sha ɗaya, biyar suka tsaya. Waɗancan shidan da ba a ko tuna sunayensu, su ne ke jan adadin ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa cika shekara biyar, kuma a nan Arewa maso Yamma abin ya fi haka muni. Ga kuma mata da ke rasuwa wurin haihuwa: sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya a ƙasar nan take faruwa.

Zancen ajali kuwa, ni Musulmi ne, na yi imani babu ran da zai wuce lokacinsa ko da ƙiftawar ido. Amma malamanmu sun karantar da mu labarin Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wanda yake ce mana a bar zancen bincike saboda ajali, shi da kansa yana duba hagu da dama kafin ya tsallaka titin IBB. Me ya sa sai a kan lafiyar jariri ne za a ce riƙo da sababi ya saɓa wa tawakkali?

Ban ga laifin masu ɗari-ɗari da duk abin da aka ce bincike ne ba. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a, ba zai ce shakkun mutanenmu daga sama ya faɗo ba. Zafin wannan lamari yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa riga-kafin shan inna a 2003. Amma mu faɗi ɗaya ɓangaren ma: da sarakuna da malamai suka shiga aikin, aka koma karɓa, a watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Najeriya. Yau ka duba 'yan ƙasa da shekara goma a unguwarku, ka gwada da yawan guragun da muka taso muka gani.

Abin da ya kamace mu shi ne mu iya auna bincike, domin ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Na Stanford ɗin nan da ya firgita 'yan shekara arba'in da wani abu, mutum 108 kacal aka bibiya, duk mazauna Kalifoniya, yawancinsu na ɗan lokaci. Mafari ne, bai kai a ɗora masa hukunci ba. A ƙasar Ekwado an taɓa ba jarirai ƙwai ɗaya kullum har wata shida, aka ga tsumburewa ta ragu da kusan rabi, aka buga sakamakon a 2017. Da aka maimaita gwajin a Malawi, ba a ga wannan bambancin a tsayin yaran ba. Haka ilimin yake tafiya, wani ya gani, wani ya sake dubawa. Hatta garuruwan da aka daɗe ana yayata cewa mutanensu sun fi kowa daɗewa, irin su Okinawa ta Japan da Sardiniya ta Italiya, wani masani mai suna Saul Newman ya nuna cewa yawancin masu shekarun ban mamaki suna fitowa ne daga inda takardun haihuwa ba su da inganci. A 2010 gwamnatin Japan da kanta ta gano sunaye sama da 230,000 na 'yan sama da ɗari a rajistarta waɗanda ba a san inda suke ba. Mu ma nan, dattijo zai ce maka an haife shi zamanin Sarkin Katsina Dikko, kuma gaskiya ya faɗa. Amma Sarki Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, tsakanin farko da ƙarshe akwai shekara 38. Mutum mafi daɗewa da aka tabbatar da takarda ita ce Jeanne Calment ta Faransa, ta rasu a 1997 tana da 122.

Akwai kuma binciken da aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, a ƙasashe daban-daban, yana ba da amsa ɗaya, kuma shi ne ban taɓa jin an yi musunsa a majalisa ba. Shi ne na kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakanin ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa da sauri, ƙashi ke miƙewa, garkuwar jiki ke ƙarfi. Abin da aka rasa a lokacin, da wuya a cike shi daga baya ko da arziki ya zo.

A Guwatemala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka wani kunu mai gina jiki, wasu ƙauyukan kuma aka ba su abin sha mai zaƙi da ba shi da wannan sinadarin. Bayan shekaru masu yawa aka nemo su sun zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, kuɗin da suke samu a aikinsu ya ɗara na sauran da kusan kashi 46 cikin ɗari. A Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa shiga gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako suna koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Shekara ashirin bayan nan, samun waɗannan yaran ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25. A Holan kuma, waɗanda suke ciki lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, da suka manyanta an same su da ciwon suga da ciwon zuciya fiye da sauran jama'a. Wato ciwon da ke kada mutum yana da hamsin, wani lokaci tun yana cikin mahaifiyarsa aka shuka shi.

To yanzu mu dawo gida. Wancan binciken na 2018 ya nuna kusan yaro 6 cikin 10 a Jihar Katsina sun tsumbure. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar nan sakamakon tamowa cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗanda aka samu kaiwa ke nan.

Ni malamin firamare ne, ina ganin abin a aji. Yaro ɗan shekara tara ka rantse bai wuce shida ba, ka yi bayani sau uku ido kawai yake bin ka da shi, kafin ƙarfe goma ya kifa kai a kan benci. Muna kiransa daƙiƙi, wani malamin har ya ɗaga masa bulala, alhali cin amanar da aka yi masa ta riga shigarsa makaranta da shekara biyar. Na kuma taɓa raka ƙanwata da ɗiyarta wurin awon tamowa. Wani siririn zare ne mai launi uku ake zagaya wa yaro a dantse, kore, rawaya, ja. Idan bai kai santimita 11 da rabi ba, ja ne. Ma'aikaciyar ta ja zaren ya tsaya a ja, ta danna babban yatsa a bayan ƙafar yarinyar, ta ɗauke, gurbin ya zauna bai taso ba. Ƙanwata ta ce ita ta ɗauka ƙiba ce yarinyar ta fara. Alhamdulillahi ta warke bayan makonni ana ba ta abincin nan na gyaɗa da ke cikin leda. Layin da muka bari a baya kuwa har waje ya kai.

Na san talauci ne uwar matsalar. Manomin Batsari ko Jibiya ko Ɗanmusa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba wa'azin abinci mai gina jiki yake bukata ba, tsaro yake bukata, kuma wannan nauyin yana wuyan gwamnati. Wanda ke auna gero da gwangwani ba za ka ce masa ya sayi ƙwai kullum ba. Duk da haka akwai abubuwan da ke hannunmu, kuma a nan nake son maza 'yan uwana su saurare ni.

Maigida, a gidaje da yawa idan aka samu ɗan nama, kwanonka yake tafiya, mai ciki da mai shayarwa su ci tuwo da romo, yaron da aka yaye a ba shi tsinkakken koko. Kai ka riga ka gama girma. Har yanzu akwai gidan da ake matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne riga-kafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Har yanzu ana ɗura wa ɗan kwana uku ruwa saboda zafin bazara, ruwan da shi ke kawo gudawa, ga shi nonon uwa ya ishe shi har wata shida. A faɗin ƙasar nan kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ake ba nono zalla, in ji binciken 2018. Akwai masu hana yaro ƙwai wai zai yi sata. Inna da Gwaggo da ke riƙe da waɗannan al'adu ba mugunta suke yi ba, abin da suka gada ne, kuma sau da yawa matarka ba za ta iya musa wa uwar mijinta ba. Kai ne ɗanta, kai za ka iya zama da ita cikin ladabi ka fahimtar da ita. Gyaɗa, wake, waken soya, zogale, ƙuli-ƙuli, duk a ƙasarmu ake samunsu, cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa a kunun yaro ba zai karya kowa ba. Mu manya kuma, awon hawan jini bai kai minti biyar ba, kuma rage gishiri da dunƙule a miya ya fi duk garin da ake tallatawa hujja.

Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu, idan suka dawo neman ƙuri'a, mu tambaye su asibitin mazaɓa nawa ne ke da ungozoma da daddare, da kuma me ya sa abincin tamowa ke yankewa a cibiya amma a gan shi a kasuwa.

Ga kuma wani abu da yake zuwa har ƙofar gida kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2012 da ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro duk wata a lokacin damina, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. A Najeriya, a nan Katsina aka fara shi a 2013. Maganin na kwana uku ne kowane zagaye. Na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa, kuma nan ne ake yawan yin sakaci, a tura shi bayan kwalla a manta. Idan damina ta faɗi suka zo unguwarku, ka ba da izini su shiga, washegari da jibi kuma kafin ka fita ka tambayi Maman yara ko an ba yaron ya sha.