Yadda Man U ta sa na shayar da unguwa shayi sau uku

Jama'a ni yanzu ko ƙarar cokali na ji a cikin kofi sai gabana ya faɗi. Duk wanda ya san ni a unguwarmu ya san ni ɗan Man U ne tun zamanin Baba Ferguson, ina gidan kallo ranar da John Terry ya zame a Mosko a 2008 muka ɗauki kofin zakarun Turai, kuma tun 2013 da muka ci Firimiya ta ƙarshe nake zaune ina jiran tsammani, har 'yan majalisa suka naɗa ni Ciyaman ba tare da an yi zaɓe ba.

To da aka kori kocinmu Ten Hag ƙarshen Oktoban 2024 aka ɗauko Amorim daga Sporting sai na ce shikenan wahala ta ƙare. Muka ci Everton 4-0 na kwana ina murmushi. Arsenal suka ci mu 2-0, duka biyun daga bugun kusurwa, wato kwana, na ce ai sabon koci ne a yi masa uzuri. Forest suka zo har gida suka ci mu 3-2, ƙwallon da Gibbs-White ya buga ma saitin golanmu Onana ta taho amma bawan Allah ya kauce mata kamar an ce masa da wuta a jikinta, nan ma na ce a yi haƙuri.

Sai ranar Lahadi 15 ga Disamba, mu da Man City a gidansu.

Koci ya bar Rashford da Garnacho a gida, Gvardiol ya sa mana ɗaya da ka, muka fita sallar magariba a hutun rabin lokaci jiki duk a mace. Har minti 85 ana 1-0, wasu sun fara neman takalmansu. Kawai sai Nunes ɗan City ya mayar da ƙwallo baya ba ta kai ba, Amad ya tsince ta, shi Nunes ɗin ya dawo a guje ya kwashe shi, rafali ya nuna fenareti. Bruno ya ci. Ba mu gama ihun wannan ba Martinez ya ɗago wata doguwa, yaron nan Amad ya ɗaga ta ya wuce Ederson ya tura ta daga wani lungu da ko akuya ba za ta bi ba. 2-1! Wallahi ban san lokacin da na hau benci ba, na rungume wani mutum da rabon da mu gaisa tun rigimar kwata.

Da a nan na tsaya da yanzu ina cikin rufin asiri. Amma baki shi ke yanka wuya. Muna isa teburin mai shayi, ga sanyin hunturu ga daɗin nasara, na buga tebur na ce, “Wallahi daga yau har Disamba ta ƙare, duk wasan Firimiya da aka ci Man U ni zan biya shayin majalisar nan, har da biredi da ƙwai.”

Telan layinmu, ɗan Arsenal ne na bugawa a jarida, ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, “Ciyaman, har indomi?”

Na ce, “Har indomi!”

Mai shayi bai ce uffan ba, ya dai jawo littafinsa na bashi ya buɗe sabon shafi. A lokacin na ɗauka lissafin wani yake yi.

Kuma fa kar ku ce ban yi tunani ba, na duba jadawali. Bournemouth a gida, Wolves da ke can ƙasan tebur, sai Newcastle a gida. Na ce wanda ya je Etihad ya ci City ai waɗannan lomar hasafi ce. Abin da na manta shi ne a lokacin City ɗin kowa ma cinsu yake yi, wasa 10 kafin namu ɗaya tak suka ci, wato gawa muka samu a hanya muka dawo muna cewa mun kashe zaki.

Ran Alhamis Tottenham suka fitar da mu a kofin Carabao 4-3, har Son ya ci mu kai tsaye daga kwana. Tela ya taho da saurinsa yana murza hannu, na ce a'a malam, Firimiya na ce, je ka tambayi shaidu. Ranar na tsira.

Ranar 22 ga wata kuwa ba tsira. Bournemouth fa, ƙungiyar da filinta ko mutum dubu 12 ba ya ɗauka, suka zo Old Trafford suka yi mana 3-0. Ta farko bugun tazara aka ɗago wani dogon yaro Huijsen ya sa kai, 'yan bayanmu suna tsaye suna kallo kamar masu jiran adaidaita. Kluivert ya ci fenareti, kafin mu haɗiye yawu Semenyo ya ƙara. Abin haushin ma bara war haka su ɗin dai suka yi mana 3-0 a filin nan, kamar wani adashi da muke zuba musu duk Disamba. Bayan wasa koci na magana da 'yan jarida rufin ɗakin ya fara yoyo a kansu, na ce to ko ginin ma kuka yake.

Majalisarmu mutum 7 ce tun fil azal. Daren nan na ƙirga 11. Na ce su waye waɗannan, aka ce ai 'yan majalisa ne, ba sa samun zuwa ne. Tela da kullum ruwan bunu yake sha da biredin 200, ranar sai ga shi yana cewa a yi masa haɗin kauri, indomi biyu ƙwai uku, a sa albasa da yawa kar a cika attaruhu. Naira 13,500 na biya, na tafi gida ina lissafi da yatsu.

Washegari bayan asuba na tsaya na samu malamin masallacinmu na ce, “Allah gafarta malam, mutum ne ya yi rantsuwa a cikin zumuɗi, yanzu abin ya fi ƙarfinsa.” Ya ce in ba zai iya ba sai ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su, in ba hali ya yi azumi 3. Sannan ya ɗan kalle ni ta saman tabarau ya ce, “Kuma a riƙa kiyaye harshe a teburin mai shayi.” Ashe labari har ya iso masallaci.

Ku duba fa, mutum 10, sau ɗaya, an wuce wajen. Ƙofa ce Allah ya buɗe min. Amma shaiɗan ya raɗa min a kunne wai Wolves ce fa ta gaba, in ka janye yanzu me za ka ce wa 'yan Arsenal.

A ranar wasan Wolves ɗin, 26 ga wata, uwargida ta ba ni 15,000 ta ce in miƙa wa tela kuɗin ɗinkin ankon bikin ƙanwarta, nata da na yara mata biyu. Na sa a aljihun gaba na wuce gidan kallo da niyyar in an tashi in ba shi.

Ana dawowa daga hutu da minti biyu Bruno ya karɓi katin gargaɗi na biyu, kyaftin guda ya fice ya bar mu mu 10. Can Cunha ya je bugun kwana. Na ce a raina ai dai abin da ya faru ran Alhamis ɗin can ba zai sake faruwa ba, an canza gola ma. Ƙwallo ta tashi ta lanƙwaso ta wuce kan Onana ta faɗa raga ba wanda ya taɓa ta. Sau biyu cikin mako guda! Ni tunda nake kallon ƙwallo ko a filin makarantar firamare ban taɓa ganin an yi wa ƙungiya ɗaya haka ba. Mu dai in aka samu kwana a kanmu gara a ba su fenareti kawai, aƙalla gola zai san ta inda za ta zo. Hwang ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci, ni lokacin ma na daina kallon talabijin, ƙofa nake kallo ina ƙirga masu fita suna nufar teburin mai shayi.

Mutum 19. Har da wani mai gadi daga layin baya da bai san ma wace ƙungiya ce Man U ba, shi dai an ce masa ana sadaka. Mai shayi ya aiki yaronsa ya ƙaro kiret ɗin ƙwai. Lissafi ya tashi 24,000, na laluba aljihu ba komai sai kuɗin anko, na zaro na miƙa, sauran 9,000 aka rubuta a sabon shafin nan. Tela na gefena yana suɗe cokali yana cewa Allah ya ƙara arziki Ciyaman, bai san kuɗin ɗinkinsa yake ci ba, ni kuma ban ga dalilin ɓata masa cin abinci ba.

Na koma gida uwargida ta ce, “Ka ba shi?” Na ce, “Sun shiga hannunsa.” Kuma tsakani da Allah wani kaso ya shiga, ta baki dai ya bi.

Saura Newcastle, Litinin 30 ga wata, ƙarfe 9 na dare. Bruno ba zai buga ba, Ugarte ma an dakatar da shi, wato Casemiro da Eriksen ne a tsakiya, dattawa biyu masu mutunci da ya kamata a ce suna zaune ana gaishe su. Tun la'asar na fara tari, da magariba na ce zazzaɓi, na sha Panadol a gaban kowa don a shaida, na shige bargo da waya na rage murya.

Minti 4 Isak ya ci da ka. Minti 19 Joelinton ya ƙara, ita ma da ka. Zazzaɓin ƙarya ya fara zama na gaske. Minti 33 koci ya cire Zirkzee ya sa Mainoo, 'yan kallo na yi masa ihu, wallahi yaron ya ban tausayi don na san yadda mutum ke ji in jama'a suka taru a kansa. Aka tashi 2-0, muna na 14 da maki 22, maki 7 kacal tsakaninmu da 'yan dagaji. Man U fa. Na kashe waya na ce to ai mara lafiya ba a bin sa shayi.

Wajen 11 da kwata sai ga sallama a ƙofar gida, ba murya ɗaya ba.

Uwargida ta leƙa ta dawo ta ce, “Maigida, abokanka ne wai sun zo dubiya.” Na ce a ce na yi barci. Ta ce, “Da fulas suka zo fa.” Dole na fito zaure lulluɓe da bargo ina rangaji. Ga su nan reras, yaron mai shayi riƙe da fulas da kofi ɗaya da littafi a hammata. Tela ya ce, “Ciyaman ya jiki? Mun ce ba ma sha mu bar ka ba, ga naka mun taho da shi. Mu mun riga mun sha namu a can, an rubuta.” Na karɓi littafi na haska da waya, 27,500, har da wani layi da aka rubuta “na dubiya, 600”. Shayin da suka kawo min ma ni zan biya.

Ina cikin wannan sai tela ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida ya ce, “Hajiya a gaishe ki! Ɗinki fa ya kammala tun shekaranjiya, kuɗin kawai nake jira.”

Tsit. Ko tarin da nake yi ya ɗauke.

Daga bayan labule aka ce, “Wane kuɗi kuma? Ba an ba ka tun ran Alhamis ba?”

Tela ya kalle ni, na kalli yaron mai shayi, yaron ya kalli littafi. Sai na ji bakina na cewa, “Ai ka ci su. Indomi biyu ƙwai uku, sau nawa?” Majalisa ta fashe da dariya har wani ya zauna a ƙasa, tela na rantsuwa shi ba a biya shi da ƙwai ba, ni kuma ina jin takun uwargida tana komawa ɗaki a hankali, irin takun nan da ya fi zagi ciwo. Abin da ya biyo baya a cikin gida ba na faɗa ba ne, amma dai tsohuwar wayata da nake ajiye da ita saboda ko-ta-kwana ta tafi kasuwar waya ta Farm Centre, an karɓo anko, an yi biki lafiya, kuma har yau ina rage wa mai shayi dubu bibbiyu duk Juma'a.

Ranar 5 ga Janairu muka je Anfield wajen Liverpool da ke saman tebur, kowa ya ce yanka za a yi. Aka bar ni na je kallo bisa sharaɗin in tafi da ɗana mai shekara 9. Ƙungiyar nan da ta kasa cin Wolves ko ƙwallo ɗaya sai ga ta tana wasa kamar an canza mutanen, Martinez ya fara ci, Gakpo ya rama, Salah ya ci fenareti, minti 80 Amad ya farke, 2-2. Na tsinci kaina a kan benci, hannu a sama, na buɗe baki na ce, “Wallahi daga yau...”

Can gefe na hango mai shayi, wanda ban taɓa gani a gidan kallo ba, yana zaro biro daga bayan kunne. Sai na ji ana jan rigata ta ƙasa.

“Baba, Umma ta ce in na ji ka ce wallahi daga yau, in ruga in faɗa mata.”

Na sauko na zauna. Ina zaune a wajen, hannu a kan baki, Maguire ya samu ƙwallo shi da gola a daƙiƙar ƙarshe ya ɗaga ta sama.