Keken Bakano

(Teburin mai shayi a Fagge, bayan la'asar. Bakano, ma'aikacin jinya mai shirin tafiya Ingila, yana riƙe da wata takarda. Bazazzagi ya ɗora tabarau a karan hanci. A gefe wani tsoho mai faci yana tsoma tub a ruwa.)

Bazazzagi: Gyara zama, bawana. Jarrabawar Turanci ta IELTS ba cinikin atamfa a Kwari ba ce. A ɓangaren magana, minti 11 zuwa 14 za ka yi gaban Baturiya, shi yana tambaya kana amsawa.

Bakano: Baturiyar ce "shi"? Wanda bai raba mace da namiji a Hausa ba, shi zai koya mini Turanci!

Bazazzagi: Ka ji da kanka. Hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila maki 7 cikin 9 take so a magana.

Bakano: Babu ragi? Shida da rabi fa?

Bazazzagi: Albarka. Wannan a rubutu kaɗai ake karɓa. Kashi na farko hirar gida ce, aiki, unguwa, ƙuruciya. To bismilla. "Did you have a bicycle when you were a child?"

Bakano: (ya rufe ido) "Yes, indeed. My father bought me a red bicycle on my birthday, and we rode together in the snow."

Bazazzagi: Tsaya! Dusar ƙanƙara a ina? A Fagge?

Bakano: A intanet na samo. An ce amsar nan 9 take ci.

Bazazzagi: Baban naka da na sani, Allah ya ji ƙansa, yaushe ya san ranar da aka haife ka, balle ya sayi jan keke?

Bakano: Ita Baturiyar ta san shi ne?

Bazazzagi: Ai hadda ba ta ɓuya musu, aikinsu ke nan. Da ta ji kana zuba za ta karkata tambayar. Bari ka gani. "Why did you like it?"

Bakano: (ya rufe ido) "Yes, indeed. My father bought me..."

Bazazzagi: Ka gani? Kamar ɗan makarantar allo da aya ta kakare masa, sai ya komo farkon sura. Faɗa mini tsakani da Allah, ka taɓa mallakar keke kana yaro?

Bakano: Gare-gare dai na mallaka. Keke kam na haya ne. Akwai wani mutum nan bayan masallaci, yana da Raleigh baƙi, mai ƙararrawa da madubi biyu, har da tuntu a hannu. Kuɗin cefanen Inna na gutsura na ba shi. Ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai na zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen, na karkace gefe guda ina tuƙi. Na taho gangara, kaca ta zame, na matsa birki na ji wayam.

Bazazzagi: Sai me?

Bakano: Sai mai ƙosai. Kasko gabas, matsami yamma, ƙullu har cikin kunnena. Gargaren gaba ya lanƙwashe. Na jingine keken a bangon masallaci, ban tsaya ko'ina ba sai gidan kakata a Gezawa.

Bazazzagi: To wannan ai ita ce amsar 7! Ga labari, ga dalili. A kashi na biyu ma minti ɗaya za a ba ka ka shirya, ka yi minti biyu kana magana. Maimaita shi duka da Turanci.

Bakano: (ya gyara murya) "I ride. I fall. I run."

Bazazzagi: Ina mai ƙosan?

Bakano: "She cry."

Tsoho: (ya ajiye tub) Yaro, Raleigh ɗin nan, madubinsa na hagu a tsage yake?

Bakano: Ƙwarai kuwa, Baba! Ka san shi ne?

Tsoho: Kai ne ɗan Inna mai koko? Ni na biya kuɗin ƙullun nan da man gyaɗa. Ga gargare, ga cikon kuɗin haya, don har yau ba ka dawo mini da keke hannu da hannu ba.

Bakano: Baba, ai wannan duk atisayen jarrabawa ne. Ni jan keke gare ni. Babana ya saya mini.

Tsoho: Mai shayi, riƙe mini takalminsa.