Baturen da ya ga Kano, da Bahaushen da ya ga Landan

A watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shigo Kano. A hanya Abdulkarim yake kiran kansa. Ya zaga kasuwa, ya leƙa unguwanni, ya ƙiyasta mazauna birnin kusan 30,000, ya ce idan kakar fatauci ta zo sukan ninka haka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano, waɗanda fatake ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Da ya koma gida ya zuba labarin tafiyarsa cikin manyan littattafai biyar.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne yaron da ke yi masa hidima, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. Bawa ne da abokin tafiyar Barth, Overweg, ya 'yanta. Ya bi Barth zuwa Tambutu, ya ƙetare Sahara tare da shi, a 1855 ya tsinci kansa a Turai. Can ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa: yadda aka kama shi yana yaro, yadda aka raba shi da iyayensa, da abin da idonsa ya gani a Landan. An buga labarin a 1885 cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa. Dorugu ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Ni dai ban san wani ƙagaggen labari da ya fi wannan jan hankali ba. Amma tambayi matasa goma da ke karatu a jami'a ko sun taɓa jin sunan Dorugu, ka ga yadda za su dube ka.

Laifin ba na ƙin karatu ba ne, kamar yadda wasu manyanmu ke yawan faɗa. Bahaushe na karatu. Shekara da shekaru littattafan soyayya na Kano ke yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage, yanzu kuma sun koma cikin waya, mata na biyan kuɗi a WhatsApp don a turo musu babi na gaba. Matsalar ita ce an koya mana cewa tarihi abin jarrabawa ne. Mun haddace Bagauda, Warisi, Gijimasu, mun zuba a takarda, mun fito mun manta. Wa zai ɗauki irin wannan ya kwanta da shi bayan isha'i don hutawa? Daga baya ma an yi shekaru an cire darasin daga manhajar ƙananan makarantu kafin a dawo da shi.

Alhali daɗin littafin tarihi ko na tafiye-tafiye ba a jerin sarakuna yake ba, a ƙananan abubuwa yake. Dubi Baba, mutuniyar Karo, tsohuwar da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarinta tsakanin 1949 da 1950, aka mayar da shi littafi. Ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Amma daga bakinta za ka ji yadda ake ƙulla ƙawance, yadda ake zaman kishi, yadda mace ke kashe aure ta sake wani, yadda mahara ke ɗauke mutane a bakin gari, da yadda zuwan Turawa ya kasance a idon matan cikin gida. Duk wanda ke kurin cewa a zamanin kakanni komai lafiya lau yake, ya zauna da wannan littafi kwana uku, sannan mu yi magana. Shi ma mai raina kakannin, ya zauna da shi.

Nan ne nake ganin amfanin irin wannan karatu ya wuce nishaɗi, ko da yake nishaɗin ma ya isa hujja. Yau tarihinmu ya koma bidiyon minti biyu a TikTok, kowa na kambama kabilarsa, ana jifan juna da labaran da ba su da tushe. Mutumin da ya saba karanta dogon labari daga bakin wanda ya gani da ido ba ya saurin haɗiye irin wannan, domin ya riga ya san al'amuran da ba su taɓa zama fari fat ko baƙi ƙirin ba.

Za a ce ai Barth Bature ne, da idon Bature ya dube mu, kuma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa na fara da su biyun. Ka karanta baƙo yana kwatanta gidanku, sannan ka karanta ɗan gidanku yana kwatanta garin baƙon. Abubakar Imam ma ya yi irin ta Dorugu: a 1943 ya je Ingila cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na samu. Da yawan waɗannan littattafai sun yi wuyar gani a kasuwa, wasu sai a ɗakin karatu na jami'a ko a Arewa House da ke Kaduna, na Barth kuwa ko an same shi kyauta a intanet, da Turancin da ne mai nauyi. To, labarin Dorugu da Hausa yake, ya haura shekara 130, babu mai haƙƙin mallakarsa. Abin da ya rage a daidaita rubutunsa da ƙa'idar yau, a yanka shi babi-babi, a riƙa sakinsa ta hanyar da marubutan soyayya ke bi, ko a karanta shi a rediyo da dare. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da ɗaliban da za su iya gama wannan aiki cikin zangon karatu ɗaya.