Bos mai zumunci da hannun kyauta

Kwanaki na leƙa wani gidan kallo a Tudun Wada, ana haska fassarar fim ɗin Indiya. Bos ya zaro damin kuɗi ya miƙa wa wata tsohuwa, sai ɗaki ya ɗauki tafi. Minti goma kafin nan shi ne ya sa aka cinna wa shagon wani ɗan kasuwa wuta don ya ƙi biyan kuɗin wata. Na taɓa saurayin da ke gefena na tuna masa, ya ce, "Haba Baba, ai mutumin nan ba ya cin amana."

Ban ga laifin yaron sosai ba, don an daɗe ana ɗinka wa ɓarawo wannan babbar riga. Ku duba The Godfather na Francis Ford Coppola, wanda ya fito a 1972 daga littafin Mario Puzo na 1969. Da biki aka buɗe shi. A waje ana rawa, a wani ɗaki mai duhu Vito Corleone, uban gungun masu laifi na Mafiya, na sauraron masu kawo kuka kamar mai unguwa a zaure. Wani mai sana'ar shirya gawa ya zo: samari sun lalata wa 'yarsa fuska da duka, kotu ta sallame su. Ya nemi ya biya a rama masa, Corleone ya ƙi kuɗin. Abin da yake so shi ne mutumin ya sunkuya ya sumbaci hannunsa, ya yarda cewa wata rana za a neme shi. Ranar kuwa ta zo, aka kai masa gawar ɗan Corleone da harsashi ya yi wa kaca-kaca. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan. Ubangida ne da yaransa, da rufin asiri, da girmama na gaba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, sai ya yi masa aski.

A nan ne nake da ja. Halayen da muke ji da su fim ya aro ya shafa wa mai laifi, shi ya sa yake shiga ranmu ba sallama. Shirun nan da 'yan Mafiya ke kira omerta, a allo sai ka ɗauka riƙon amana ne. A Sisili ta gaske, tsibirin Italiya da Mafiya ta fito, Libero Grassi, mai masana'antar tufafi a Palermo, ya rubuta a jarida a 1991 cewa ba zai biya su ba, aka bindige shi kafin shekarar ta ƙare. A 1992 suka tashi titi da bam don kashe Giovanni Falcone, mai binciken da ya hana su sakat, tare da matarsa da masu tsaronsa uku. Maganar wai ba sa taɓa yara fa? Giuseppe Di Matteo yana ɗan shekara 12 suka sace shi a 1993 don mahaifinsa ya fara ba hukuma bayani, suka riƙe shi sama da shekara biyu, sannan suka kashe shi. Ita amanar ma, da wuya ta yi wuya wani jigonsu Tommaso Buscetta ya fasa ƙwai a 1984, shari'ar da ta biyo baya ta ɗaure sama da mutum 300.

Mu a Kaduna ba sai an kai mu Italiya ba. Mun ga sace ɗalibai 39 na Afaka a Maris ɗin 2021, mun ga harin jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022, mun ga sace yaran Kuriga a 2024. Manomin Birnin Gwari da aka yanka wa haraji kafin ya shiga gonarsa, in ya yi gum, tsoron infoma ne ya rufe masa baki.

Ba cewa nake a hana kallo ba. Fim bai haifi 'yan shara ba. Ƙwaya da zaman banza da 'yan siyasa masu hayar su lokacin zaɓe sun fi shi laifi. Shi Coppola ma bai ɓoye ƙarshen tafiyar ba, tunda a kashi na biyu, 1974, Michael, ɗan Corleone da ya gaje shi, ya sa an kashe ɗan'uwansa na jini. Sai dai kwat ɗin da sumbar hannun muke fita da su. Kuma manya sun fi damuna a kan yara, mu da in mutum na raba shinkafa da azumi ba ma tambayar inda ya samo, sai dai "Allah ya ƙara arziki, Alhaji."

Da zan roƙi masu shirya finafinanmu, da na ce su juya kyamara ta kalli wanda ya sayar da gona ya haɗa kuɗin fansa, aka ce sai ya ƙaro babur da katin waya. Shi ɗan kasuwar nan na fim ɗin Tudun Wada, ko minti ɗaya bai yi a allo ba, ko suna ba a ba shi ba. Har aka watse ban ji wanda ya tambayi yadda ya ƙare ba.