Sakan 41 ba zai sauke wa likita gajiya ba

Bidiyon nan da ke yawo a zaurukan WhatsApp na Garwa da Marwa, na mutumin da ya ɗaga waya yana cewa da manhajar da ke sauraron hirar likita da mara lafiya ta rubuta masa bayanin, gajiyar likitoci ta ƙare, ya ɓata min rai ƙwarai. Kun gan shi. Mai wannan magana bai taɓa ƙirga layin da ke ƙofar likita da ƙarfe bakwai na safe ba.

Ga yadda abin yake aiki. Likita ya nemi izinin mara lafiya, ya kunna waya ta saurari hirar. Muryar ta bi intanet zuwa kwamfutocin kamfanin, a mayar da ita rubutu, ƙirƙirarriyar basira ta tsara shi: abin da ya kawo mutum, abin da aka gano, cutar da ake zato, magani. Sannan likita ya karanta, ya gyara, ya sa hannu. Wannan karatun da gyaran su ne masu talla ke tsallakewa, alhali in kuskure ya fita, mai sa hannu za a kama.

Lokaci nawa ake ragewa? Jami'ar UCLA ta Amurka ta gwada da likitoci 238, aka buga sakamakon a 2025. Masu amfani da Nabla, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, sun rage kimanin sakan 41 a kowane rubutu. Sakan 41, jama'a! Ko da likita ya ga mutum 40 a wuni, bai samu rabin awa ba.

Za a ce min ai wani binciken ya nuna masu kukan gajiya sun ragu daga kashi 52 zuwa 39 cikin wata guda. Haka ne, amma a Amurka, inda tun 2016 aka auna cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da mara lafiya, sai ya yi kusan biyu gaban kwamfuta da takardu. Ciwonsu ke nan, maganinsu ke nan. Namu likitan layi biyar yake rubutawa da biro a karne, wato littafin asibiti na mara lafiya. Abin da ke cinye shi yawan jama'a ne, da gadin dare a wayi gari a zarce, da lokacin zazzaɓin cizon sauro da yara ke cika gadaje, da rajista da rahoton wata. Sakan 41 bai taɓa ko ɗaya daga ciki ba.

Ku duba ɗakin ma. Tsohuwa na bayani da Fulatanci, jikanta na fassarawa da Hausa, likita na rubutu da Faransanci. Murya uku, harshe uku. Ta ce ba ta amai, "ba" ɗin ya faɗi a hanya, rubutu ya fito tana amai. Miligram 15 ya koma 50. Likita ya danna ciki ya ji saifa ta kumbura, in bai furta ba, waya ba ta da labari. A 2024 masu bincike sun gano Whisper, manhajar mayar da murya rubutu wadda aka gina Nabla a kanta, tana ƙago jimlolin da babu wanda ya faɗa a kusan kashi 1 na muryoyin da aka gwada, musamman inda mai magana ya yi dogon shiru. Da Turanci fa ke nan. Mara lafiyarmu kuwa, mace mai kunyar faɗin ciwonta, rabin bayaninta shiru ne.

Babban tsorona shi ne shugaban asibiti ya ji an ce an rage lokaci, ya ƙara wa likita mutum goma a layi. Kuɗin da za a biya kamfani duk wata, a ɗauki ma'aikacin jinya guda da shi, ko mai fassara.

Kuma tunda zancen karne ya zo, don Allah iyaye ku daina sayen sabo duk zuwa asibiti. Ku sa tsohon a leda ku adana, ku riƙa zuwa da shi. A ciki likita zai ga maganin da aka ba yaro watan jiya, da wanda jikinsa ya ƙi.