Ɗan Boko ya sake sabon tsari

Teburin mai shayi a bakin hanyar Dundaye, bayan sallar isha'i. Ɗan Boko ya iso da fayil a hammata, ɗan kabu-kabu na gefe yana kurɓar shayi.

ƊAN BOKO: Kawu a haɗa min kauri, indomi biyu ƙwai biyu. Yau na gama tsara rayuwata gaba ɗaya.

MAI SHAYI: To madalla. Wanga tsari na nawa ke nan? Don na bara ma indomi biyu ya ci, kuma har yau shina cikin littafin bashi.

ƊAN KABU-KABU: Kawu bar shi ya hwaɗi mana, ƙila wanga karon da gaske na.

MAI SHAYI: Yaron ga da ya ƙare sakandare likita yac ce zai zama, muka dinga ce mishi dakta dakta, har hawan jini ya taɓa auna min da ɗan yatsa yac ce in rage gishiri.

ƊAN BOKO: Maki ne bai kai ba Kawu, jami'ar Danfodiyo suka ba ni karatun aikin gona, na ce to ai noma tushen arziki.

MAI SHAYI: Ka taɓa riƙa kalme?

ƊAN BOKO: Mu a allo muke noma. Kuma ina karatun ina neman na kaina, ai kun tuna na fara ɗauko shinkafa daga Ƙonni ta Illela.

ƊAN KABU-KABU: Mun tuna ƙwarai. Ka fara ran Litinin, kafin wata Litinin anka rufe boda. 2019 ke nan.

ƊAN BOKO: Wannan ƙaddara ce. Sai na ce bari in maida hankali ga boko in fito da sakamako mai kyau in zama lakcara.

MAI SHAYI: Sai malaman sunka tai yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas, ka zauna kan bencin ga har ya ɗauki siffarka.

ƊAN KABU-KABU: Ni abin da ba ni mantawa POS. Lokacin canjin kuɗi mutane na kwana a layin banki, masu POS na cin karensu ba babbaka, kai kana nan kana nazarin kasuwa da biro da takarda, sai da kuɗi sunka dawo hannun kowa sannan ka kafa lema.

ƊAN BOKO: Ai ba a shiga kasuwanci da ka, sai an yi bincike.

MAI SHAYI: Binciken na ya sa ka saida lemar ka sai janareta za ka buɗe cajin waya, ka biya ka kawo shi gida a baro, kwana kaɗan anka rantsar da sabon shugaban ƙasa ran 29 ga Mayu yac ce tallafin mai ya ƙare. Janaretan yanzu kaji ka kwana kanshi.

ƊAN KABU-KABU: Ka mance albasa Kawu. Ya haɗa jari zai bi manya su fitar da ita ta Nijar, sojoji sunka yi juyin mulki a Yamai, boda ta sake rufewa, albasa ta tsiro a zaure.

MAI SHAYI: Sai kuma mainin, wato haƙar kuɗin intanet a waya. Wata da watanni yana dangwalar waya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, yac ce in ta fashe har Makka zai kai ni. Da ta fashe ko kuɗin data ba ta maido ba.

ƊAN BOKO: Duk wannan tarihi ne. Yanzu na zauna na duba, wace sana'a ce ba ruwanta da boda, ba ruwanta da yajin aiki, kullum ana cinikinta safe da dare? Sai na ga shayi. Kawu gobe zan fara koyo a wurinka.

MAI SHAYI: Innalillahi! Wane shayi? Nawa?

ƊAN BOKO: In ba ka so sai in koma kabu-kabu, dama shi ne tsari na biyu a fayil.

ƊAN KABU-KABU: Kai don girman Allah rufa min asiri, bashin mashin ɗin ga ban ƙare biya ba, ka hau yau gobe a ji sanarwa a rediyo an hana!

MAI SHAYI: Tsaya yaro, zamna. Na yafe bashin bara, ga indomi, ga ƙwai uku ma. Amma buɗe fayil ɗin ga ka rubuta abin da zan hwaɗa ma.

ƊAN BOKO: Ina ji Kawu.

MAI SHAYI: Gobe da sassafe ka nemi galan da mazurari ka fara saida fetur. In ya faɗi warwas sai ka koma buhun suga, daga nan madara.

ƊAN KABU-KABU: Wallahi ni ka ba da galan ɗin, kyauta.